Ɗakin Rabe

Wutar da ta dawo da ƙarfi daren Laraba
ita ta cinye ordinatar Rabe,
wata huɗu bayan mun kai shi makwanci.
Abin da ya tsira bai fi tafin hannu ba:
faifai baƙi, mai sanyi, mai nauyin sabulu.

Na jona shi da tawa.
Ya yi gurnani, ya nuna fuskarsa,
na ƙwanƙwasa sau biyu,
sai ya amsa mini da Faransancin ofis:
ba ki da izinin shiga nan.

Ni?
Ni da muka sha nono ɗaya,
ni da na kwana goma sha ɗaya kan tabarmar asibiti
ina korar masa sauro da gefen mayafi?
An raba gado gaban limami a Bagalam,
an raba babur, an raba kyamara,
har labulen shago mai hoton tekun da bai taɓa gani ba.
Ba wanda ya tuna da ƙofar da ba ta da kuba.

Ranar Litinin na ɗaure shi a ɗankwali,
na hau kabu-kabu zuwa bayan tasha,
rumfar Tsahiru, inda matattun wayoyi
ke kwance ciki buɗe cikin gwangwanin madara.
Ya hura ƙura, ya kurɓi shayi, ya ce,
"Barira, lafiyarsa lau.
Biyayya ce ta yi masa yawa.
Bai san sunan Rabe ba ma,
wata doguwar lamba ya sani,
yana jiran ta dawo ta ce masa buɗe."

Na ce, ai ba za ta dawo ba.
Ya ce, "Shi ba a yi masa gaisuwa ba."

Ya shiga ta wajen mai gida, ya danna dama,
taga cikin taga, kamar zaure bayan zaure,
har inda aka rubuta mai shi.
Ya goge lambar. Ya turo mini allon.
"Sa sunanki da hannunki, ni ba na cin gado."
Harafi shida. Yatsana ya yi rawa a na uku.
Sai ta tambaya: har da abin da ke ciki,
da abin da ke cikin na ciki?
Na ce har da su.

Suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, dubu goma sha tara,
kowane ana cire masa suna ana sa nawa.
Fanka na juyi, ina roƙon Allah kar a ɗauke wuta.
An kira la'asar bai gama ba.

Da ya buɗe, rabin Maradi ne ya fito:
kawunan mutane na katin ɗan ƙasa, ba mai murmushi,
ƴan lakkwal da kwalinsu, masu awon gyaɗa,
gulbi shekarar da ya cika har gonakin mangwaro,
Inna tana tankaɗe, ba ta san ana ɗauka ba,
ni da giɓi, ina hararar sa.

Ga takardar bashi kuma, layi-layi.
Na bakwai: Tsahiru mai gyara, jikka uku, hoton suna.
Ya tura hula gaba, ya sosa ƙeya.
"To, kin biya kuɗin aiki," in ji shi.
Muka yi dariya har na rasa inda ta koma kuka.

Can ƙasa akwai jaka guda, ya sa mata "nawa".
Yanzu ba abin da zai hana ni.
Kibiya ta tsaya a kanta, ta daɗe.
Rabe ko a gida bai son a ɗaga masa katifa.
Na ce Tsahiru ya zare waya,
na mai da faifan cikin ɗankwali da ɗuminsa,
na tsaya sayen tumatir a hanya.